Aikina Ko Aikin Dogo

Masu karatu, kafin ku yanke mini hukunci ku bari in faro muku daga tushe, don na san wasunku suna gama jin labarin nan za su koma bayan Gwaggo. Ba zan ji haushi ba. Ni kaina sai da na yi kwana uku ina bayanta.

Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da takwas, kuma kowa Auta yake ce mini, har maƙwabta. A wurin aiki kuwa Injiniya. Ina aiki ne da wani rukunin asibitoci masu zaman kansu, reshe bakwai, mu huɗu ne muke kula da kwamfutocinsu da layukan da suka haɗa su. In likita ya danna sunanka ya ga sakamakon gwajin jininka, to ta hannunmu ya bi. Umma har yau in aka tambaye ta aikina cewa take yi, "Gyaran waya take yi a asibiti." Na yi bayani har na gaji, na ƙyale ta.

Shi kuma Dogo a ɗakin na'urori muka haɗu, wannan ɗaki mai sanyi kamar cikin firiji. Injiniya ne a kamfanin da ya sayar mana da rabin na'urorinmu, da manhajar da muke sa musu ido da ita. Ranar farko ya sunkuya yana duba kebur, ya ɗago, ƙofar durowar ƙarfe ta maka masa a ka. Na yi iya ƙoƙarina, dariyar ta ƙwace. Ya dafe wurin ya ce, "Malama, a asibiti ake yi wa mai rauni dariya?" Daga nan aka fara. Shekara ɗaya da wata biyu ke nan. Ya gaida Abba, Umma tana ce masa ɗana, kuma ƙarshen watan nan manyansa za su zo.

To, ga inda matsalar ta samo asali.

Wata Talata da safe ina zaune da kofin shayi, babban allon da ke bangon ofishinmu kore shar, alamar kowane reshe lafiya lau. Sai ga waya daga ƙaramin reshenmu na bayan gari. Nas ce.

"Injiniya, tun ƙarfe bakwai babu sakamakon gwaji ko ɗaya da ya shigo mana."

Na ce, "A nan kuwa komai kore ne."

Ta ce, "To ki zo ki gaya wa marasa lafiya kore ne."

Na ɗauki jakata na tafi. A barandar reshen na tarar da wani dattijo mai ciwon ƙoda a keken marasa lafiya, 'yarsa tana yi masa fifita da katin asibiti, tana share hawaye da gefen mayafi. Awa huɗu suna jiran sakamakon da tun tuni aka gama shi a babban reshe. Allah ya taimaka dattijon ya tashi. Amma fuskar yarinyar nan ta daɗe ba ta bar idona ba.

Da na bincika sai na ga abin takaici. Na'urorinmu na kamfani uku ne, kowanne da yarensa. A wurin na'urorin su Dogo, lamba ɗaya tana nufin lafiya lau. A wurin sabuwar na'urar da aka sa a wancan reshen, lamba ɗaya tana nufin layi ya yanke. Manhajar su Dogo kuwa yaren gidansu kawai take ji. Na'ura tana ihu ta mutu, ita kuma tana fassara mana cewa tana gaishe mu.

Daga ranar na duƙufa karatu. Ashe masana sun daɗe da yin yarjejeniya a kan daidaitaccen tsarin bayanai na irin waɗannan na'urori. Ku ɗauke shi kamar fom ɗaya da kowace na'ura za ta cike, ko wane ne ya ƙera ta: sunanta, irinta, inda take, halin da take ciki, da wadda take haɗe da ita. Kalmar da za a ce lafiya guda ɗaya ce, ta matsala ma guda ɗaya, babu mai ƙirƙiro tasa. Wata huɗu ni da abokan aikina muna jera na'urorinmu a kan wannan tsari, ɗaya bayan ɗaya, muka gwada a reshe biyu da na'urorin sauran kamfanonin, ya yi aiki.

Kun dai fara hango inda aka dosa. In asibiti ya karɓi tsarin nan, ba ya bukatar sabunta kwangilar manhajar su Dogo. Shi kuma Dogo, manajansu ya sha gaya masa cewa asibitinmu ne kujerarsa.

Zan faɗi laifina da bakina: wata uku na ɓoye masa. Kullum in ce gobe. Ya zo zance mu yi ta hirar labule da kalar fentin ɗaki, ni kuwa in bar shi ya tafi ban faɗa ba. Sai da Darakta, shugabar asibitocinmu, ta sa ranar taro, ta ce a gayyato kamfaninsu su kare kansu, sannan na ga babu sauran wurin ɓuya.

A ƙofar gida na gaya masa, yana jingine da motarsa, cikin farar rigar nan da yake naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu. Ya saurare ni har na gama.

Sannan ya ce, "Dangantakar na'ura da na'ura fa, yaya kika tsara ta? In ta sama ta mutu, na ƙasa duk za su yi ja, ko ita kaɗai?"

Na ce, "Wannan ce tambayarka?"

Ya ce, "Ita ce mai sauƙin. Ɗayar ita ce, wata uku, Auta? Kina kallon idona?"

Ya yi mini sallama a mutunce, ya shiga mota ya tafi. Daga ranar saƙonninsa suka koma kamar na ofis. "Barka da safiya." "Kin tashi lafiya?" "Madalla." Babu 'yar fuskar dariyar nan da yake liƙawa a ƙarshen kowace magana. Ni kuma in rubuta layi goma in goge, in tura masa "Lafiya lau."

Umma ta lura, don uwa ba a ɓoye mata. Ina gaya mata ta saki tsintsiya ta ɗauki waya, kafin la'asar sai ga Gwaggo, yayar Abba, da jakarta mai zif ɗin da ya lalace. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara.

"Ke Auta, ashe ba ki da hankali? Mutum yana shirin ɗaukarki ke kuma kina shirin raba shi da abincinsa?"

"Gwaggo, ba shi nake faɗa da shi ba. Manhajar ce ba ta..."

"Manhaja ce za ta aure ki? Su sauran ukun da kuke aiki tare ba su da baki, sai ke uwar iya?"

Umma ta ce a hankali, "Ki ce ba ki da lafiya ranar mana. Ko ki bari a wuce ƙarshen wata, in ya so ki yi taronki."

Na ce, "Umma, in an wuce ƙarshen wata an riga an sa hannu, shekara uku ke nan."

Gwaggo ta tafa hannu. "Shekara uku! Ni da na yi shekara arba'in da mutum bai taɓa jin na ce masa ya yi kuskure ba?"

Abba yana kan kujerarsa ta bakin taga, gilashi a karan hanci, yana gyara tsohuwar rediyonsa. Bai ɗago ba ya ce, "Yaya, ai mu mun ji. Har maƙwabta sun ji."

Dariya ta kusa ƙwace wa Umma, ta toshe baki da ɗankwali. Gwaggo ta harare shi ta ce shi ne yake ɓata ni. Bayan wannan Abba ya koma kan rediyonsa, kuma hakan ya fi faɗan Gwaggo tayar mini da hankali.

Wallahi na yi tunanin janyewa. Har na rubuta wa Darakta saƙo cewa aikin yana bukatar ƙarin gwaji. Kwana uku yana zaune a wayata ban tura ba. Duk lokacin da na kai yatsa sai in tuna barandar nan da keken marasa lafiya. Ranar Laraba na goge shi.

Alhamis da safe na sa doguwar rigata ruwan toka mai maɓallai a hannu, da mayafi baƙi, da takalmi mara tsini. Ban iya karyawa ba. Umma ta tura mini burodi da dafaffen ƙwai a jaka ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, "Allah ya sa a yi a gama lafiya." Ina bakin titi saƙo ya shigo. Dogo ne.

"Kada ki ji tausayina a ciki. Ki yi aikinki sosai. Ni ma zan yi nawa."

Na karanta ya fi sau biyar. Faɗa ne ko ƙarfafa gwiwa? Har na isa ban gane ba.

Ɗakin taron dogon tebur ne da kujeru goma sha biyu, da na'urar sanyi mai ƙara kamar injin niƙa. Darakta tana can kan gaba, likita ce da ta haura sittin, ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita tambaya. A ɗaya ɓangaren ga manajan su Dogo, da kwat da turare mai cika ɗaki. Dogo yana gefensa da kwamfutarsa a buɗe. Ya gaishe ni kamar yadda ya gaida kowa.

Ban yi dogon surutu ba. Na ɗora na'urori biyu a kan tebur, ɗaya tasu, ɗaya irin ta reshen bayan gari. Na raba allon bango biyu, hagu manhajarsu, dama namu tsarin. Duka kore. Na ce, "Ranki ya daɗe, don Allah ki zare kebur ɗin wannan irin ta reshen da hannunki."

Ta kalle ni ta saman gilashi, ta miƙa hannu ta zare.

Kafin ta ajiye shi ɓangaren dama ya yi ja, ya rubuta sunan na'urar, da reshen, da cewa ɗakin gwaji da ɗakin magani ne za su rasa layi. Ɓangaren hagu kuwa yana nan kore shar, hankalinsa kwance. Muka jira minti ɗaya. Biyu. Wani ya yi tari.

Manajan ya gyara zama yana murmushi. Ya yaba mini, ya ce yarinya ce mai ƙoƙari. Sannan ya ce, "Sai dai wannan wasan tebur ne. Tamu guda ɗayar nan da ke kan tebur, zama ta yi ta haɗa mata dabara da hannu. Na'urorinmu ɗari da ashirin da ke rassanku ba a ƙera su don su yi magana da wannan tsarin ba. In kuna son sa, sai ku tumɓuke su gaba ɗaya ku sayi wasu. Asibiti zai iya tsayawa cak na wata guda?"

Na karanta a littafin na'urorin cewa suna iyawa, amma wurin a kulle yake, kuma mabuɗin yana hannun kamfaninsu. Na faɗi haka. Ya ce ai tsohon littafi ne. Maganata da tasa ke nan, shi kuma ya girme ni da shekara ashirin da kwat.

Darakta ta juya ga Dogo.

"Kai ne kake taɓa su da hannunka. Suna iyawa ko ba sa iyawa?"

Na ƙura wa kebur ɗin da ke kan tebur ido, don na san in na kalle shi zan roƙe shi da ido, kuma ban san me zan roƙa ba. Rabin zuciyata tana cewa ya faɗi gaskiya. Ɗaya rabin, ku yafe mini, tana cewa ya tsira da aikinsa, na yarda in sha kunyar.

Ya rufe kwamfutarsa a hankali.

"Suna iyawa, ranki ya daɗe. Duk wadda aka kawo cikin shekara huɗun nan tana iyawa, a kashe kawai abin yake. Guda goma sha takwas ne tsofaffi, su ma akwai hanyar da za a fassara bayanansu. In an ba da izini, mako biyu ya isa, kuma ba sai an tsayar da ko reshe ɗaya ba."

Manajan ya ce, "Abin da yake nufi shi ne..."

Darakta ta ce, "Na ji abin da yake nufi."

Nan take ta yanke: za a gwada tsarinmu a duk rassa bakwai na wata shida. Kamfaninsu zai ci gaba da kula da na'urorinsa in ya buɗe abin da ya kulle. Manhajar kuwa ba za a sabunta ba. Abokan aikina suna ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur don murna, ni kuwa hankalina yana ɗaya ɓangaren teburin. Dogo ya bi bayan manajansa suka fita, ko waiwayowa bai yi ba. Ta taga na ga mutumin yana nuna shi da yatsa tun kafin su kai mota.

Na tura masa, "Kana ina?" Shiru. "Don Allah ka amsa." Shiru. Na kira, a kashe. Ƙwan Umma yana jakata har na koma gida.

Na tarar da Gwaggo ta riga ni isowa, wai ta zo jin sakamako. Na ba su labari a kicin, ina tsaye jikin firiji. Umma ta riƙe haɓa. Gwaggo ta sassauta murya, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Da bakinsa ya faɗa? A gaban maigidansa?" Na ce e. Ta ce, "Hm," ta jawo tiren shinkafa ta shiga tsincewa, alhali Umma ta riga ta tsince.

Wajen biyar na yamma muka ji sallama. Muryarsa ce. Abba ya ce ya shigo falo. Mu uku muka yi cirko-cirko a bayan labule, Gwaggo ta ture ni ta karɓe wuri mai kyau.

Bayan gaisuwa na ji ya ce, "Abba, na zo ne ka ji daga bakina. An karɓi kwamfutar aiki da katina, an ce in zauna a gida, Litinin za su gaya mini matsayina. Ina ganin ba zan koma ba. Shi ne na ce ko za a ɗaga zuwan manyana har in sami abin yi. Ba na son in karɓi amana hannuna babu komai."

Abba ya ce, "Sata ka yi?"

"A'a, Abba."

"Ƙarya ka yi?"

"A'a. Ƙin yin ta ne ya jawo."

"Ita wadda ta jawo maka ɗin, kana jin haushinta?"

Dogo ya ce, "Na ji haushin ɓoye mini da ta yi, har yanzu ma da saura. Amma aikin da ta yi, Abba, da ni ne a wurinta abin da zan yi ke nan. Sai dai ban tabbata zan yi shi da kyau kamar nata ba."

Gwaggo ta juyo ta make ni a kafaɗa, idonta ya kawo ruwa, ta ce cikin raɗa, "Ke dai Allah ya yi miki gyaɗar..." sai ta fasa, ta ce, "Je ki wanke fuskarki, kin yi kama da mujiya."

Abba ya ɗaga murya. "Auta, na san kina bayan labulen nan, ke da 'yan rakiyarki. Shigo."

Na shiga na durƙusa a gefen kujera, kaina a ƙasa. Dogo yana zaune a kan darduma, ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar.

Abba ya ce, "Kin ji abin da ya ce. Ni a wurina babu abin da ya canza, yau ma na fi sanin wa zan ba. Amma ke za ki zauna da shi. A ɗaga?"

Kunya kamar in nitse. Na ce, "Kada a ɗaga, Abba."

"Ban ji ba."

Daga bayan labule Gwaggo ta ce, "Ta ce kada a ɗaga! Kai ma ka ji, neman magana ne!"

Abba ya yi dariya har da tari. Na saci kallon Dogo, ya sunkuyar da kai yana murmushi, irin wanda na yi kwana tara ban gani ba.

Na rako shi ƙofar gida. Na ce, "Ka yafe mini wata ukun nan."

Ya ce, "Zan yafe, amma kaɗan-kaɗan. Kuma har yanzu ba ki amsa mini tambayata ba. In ta sama ta mutu, na ƙasa duk ja suke yi?"

"Ita kaɗai ce take yin ja. Na ƙasa ruwan ɗorawa, don a san inda za a fara nema."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Na sani. Na gani a allo. So nake in ji kin faɗa."

Yana tayar da mota wayata ta yi ƙara. Na duba, Darakta ce, wadda ba ta taɓa turo mini saƙo da kanta ba.

"Injiniya, aikin wata shidan nan yana bukatar wanda ya san cikin na'urorin. Wannan dogon na ɗazu, kina da lambarsa? Ina son ganinsa gobe."

Na daka tsalle a bakin ƙofa kamar ƙaramar yarinya, na ɗaga hannu zan tsayar da shi, sai hannun ya tsaya a sama. Ga abin da ban gaya muku ba tun ɗazu: duk asibitin nan babu wanda ya san abin da ke tsakanina da Dogo. In Darakta ta ji daga baya cewa mutumin da ya tsaya mini a taro shi ne manyansa za su zo neman aurena ƙarshen wata, me za ta ɗauka? Cewa haɗa baki muka yi? Aikina na wata huɗu, da gaskiyar da ya faɗa, duk za su iya zama abin zargi.

Na jingina da ƙyauren gida. Sauƙin abin shi ne in tura lambar in yi shiru. Amma na riga na ɗanɗana ɓoye-ɓoye, na san ɗacinsa. Na rubuta:

"Ina da ita, ranki ya daɗe. Amma akwai abin da ya kamata ki fara sani game da ni da shi."

Na tura. Nan take alamar ta nuna ta karanta. Na ga ta fara rubutu, ta tsaya, ta sake farawa, ta sake tsayawa.

Sai wayar ta hau ruri a hannuna. Ita ce take kira.